Mai Yankan Faifai

Ka taɓa lura da ƙarar da ke gaban wasu tsofaffin waƙoƙi a waya? Kafin kalangu ya shigo sai ka ji ƙas, ƙas, ƙas, can ƙasa-ƙasa. Yara kan ɗauka sifika ce ta fashe. Wani har ya bubbuga wayar a tafin hannu. Waya lafiyarta ƙalau. Ƙura ce. Ƙurar ɗakin wani bawan Allah ce, ta kwanta a kan faifan garmahonsa shekara arba'in ko hamsin da suka wuce. Daga faifan aka juye waƙar a kaset, daga kaset aka ɗora a kwamfuta, daga nan ta faɗa memori. Ƙurar ta biyo ta duk wannan tafiya ba ta biya kuɗin mota ba. Yau ga ta a aljihun ɗan acaɓa a Ƙaraye.

Ba a taɓa yanka faifai a Ƙaraye ba, ba a yanka a Rogo ba. Mu saye muka sani. Wanda ya shiga birni ya dawo da shi a hammata. Mutumin Rogo kuwa, da yake yana bakin iyakar Kaduna da Katsina, Zariya ma kasuwarsa ce. Kamfanonin faifai a lokacin suna can kudu. EMI da Decca da Phonogram a Legas, Tabansi a Anacha. A bangon faifai ga hoton mawaƙi ya sha babbar riga. A cikin waƙa kowa ya samu shiga: wanda ya ba da doki, wanda ya ba da mota, makaɗi, direba, har marowaci ya samu rabonsa na zambo. Mutum guda ne ba ya ciki, shi ne wanda ya zauna a wani ɗaki a Legas ko Landan ya tsaga waƙar a jikin faranti. Wataƙila ko sannu bai iya da Hausa ba.

In kana son ganin aikinsa, nemi tsohon mai gyaran rediyo. Wani lokaci za ka tarar da faifai guda a rataye a ƙusa, tsakanin kalandar bara da gawar wata rakoda. Roƙi arziki a sauko maka da shi. Goge da gefen riga, ka karkata shi wajen hasken ƙofa. Za ka ga layuka sirara, kewaye bayan kewaye. Tambayi yaran shagon layi nawa ne. Wannan zai ce ɗari, wancan ya ce dubu. Ɗaya ne. Tsaga ɗaya ce tilo, ta tashi daga baki ta yi ta naɗewa har tsakiya. Babban faifai faɗinsa santimita 30, yana juyi 33 da sulusi a minti. Waƙar minti 20 ke nan juyi kusan 670. Da za a warware tsagar a miƙe ta a ƙasa, sai ta haura mita 400. An cusa ta a filin da faɗinsa bai kai santimita 9 ba. Ƙara matso da shi. Wani wuri layukan sun buɗe, wani wuri sun matsu. Inda suka buɗe, nan kiɗa ya yi zafi.

Ga yadda aikin yake. Ana kawo wa mai yanka waƙa a kan tef, an gama komai, mawaƙi ya daɗe da komawa gida. Sai ya saurara daga farko har ƙarshe, yana rubuta inda sauti ya tashi da inda ya kwanta. Sannan ya ɗauko farantin alminiyam da aka shafe da wani fenti mai taushi, ya ɗora a kan inji. Injin galibi ƙirar Neumann ne na Jamus, ko Scully na Amurka. Bakin allurarsa na yakutu ne, an naɗa mata 'yar siririyar waya mai ɗumama ta don ta shiga fentin salin-alin. Sauti ke girgiza allurar, ita kuma tana zana girgizar a jikin faranti. Abin da ta ƙwaƙulo yana fita siririn zare, wani bututu na zuƙe shi nan take, don zaren ba ya wasa da wuta.

Da zarar allura ta sauka, shi ke nan. Babu tsayawa, babu komawa baya. In aka yi kuskure a minti na 19, farantin ya tashi aiki, sai a ɗauko sabo a koma minti na farko. Ga wani abin kuma. In ya gama, ba ya kunna shi ya ji, don allurar sauraro za ta ɓata fentin. Sai dai ya sunkuya ya duba tsagar da madubin ƙara girma. Daga nan a kai masana'anta, a fesa masa ruwan azurfa, a tsoma a ruwan nikel har ya yi ɓawon ƙarfe. Daga wannan ɓawo ake samar da hatimin da ke danna roba mai zafi. Duk abin da hannunsa ya yi ranar, mai kyau da maras kyau, zai fito a faifai dubbai, har da wanda ke rataye a ƙusa.

Wanda ya taɓa bin garmar shanu a gonar masara ya san rabin wannan sana'a. Gona tana da iyaka. Ka buɗa kunya da yawa, gona ta ƙare iri bai ƙare ba. Ka matse, wannan kunya ta zubo cikin waccan. Haka faifai. Sauti mai kauri da ƙarfi yana sa tsaga ta yi lanƙwasa mai faɗi, dole a ba ta fili, in ba haka ba ta faɗa cikin maƙwabciyarta. Sauti mai sanyi kuwa sai a matse shi a yi tattalin wuri. Da can da hannu ake murɗa wannan. Daga baya aka ƙara wa injin tef wani kai da ke jin waƙar kafin ta iso allura, don a buɗe hanya tun tsawa ba ta faɗo ba. Manomi dai in kunya ta karkace zai bi ta da fartanya da yamma. Mai yanka ba shi da fartanya.

Yanzu ka ɗora kiɗanmu a kan wannan lissafi. Kalangu uku ko huɗu sun faɗo tare, ga 'yan amshi sun ɗauka, wannan mai cin fili ne. Kuntigin Ɗan Maraya Jos kuwa ɗan mitsitsi ne, tsirkiya ɗaya, ka ce ba zai ba kowa wahala ba. Amma sauti mai kaifi yana sa allura ta yi rawa da sauri, kan injin ya ɗau zafi, in ba a kula ba ya ƙone. Haruffa masu huci irin su "s" ma abokan gabar mai yanka ne, in bai lallaɓa su ba sai su fito a fashe. Bajamushen da ya ƙera injin bai yi shawara da masu cewa tsatsa da tsintsiya ba.

A 1954 kamfanonin Amurka suka daidaita a kan wata dabara guda, sauran duniya ta bi. Wajen yanka a rage kaurin sauti, a ƙara masa kaifi. Wajen sauraro garmaho ya mayar da kowanne mazauninsa. Ma'ana, abin da ke kwance a tsagar ba waƙar ba ce yadda aka rera ta. A karkace take da gangan, na'urar gidanka ce ke miƙe ta.

Akwai kuma sha'anin tsakiya. Faifai juyinsa ɗaya ne, amma kewayen baki ya fi na ciki tsawo. A baki allura na cin kusan santimita 50 a daƙiƙa, a ciki kusan 20. Sauti ɗaya, wuri ƙasa da rabi. Shi ya sa ƙarshen faifai kan dusashe, shi ya sa kuma masu hankali kan ajiye lafaffiyar waƙa a ƙarshe. Mai sauraro sai ya ce kai, ji hikimar mawaƙi, ya san yadda ake sallama. Wani lokaci hikimar ce. Wani lokaci santimita ce.

Mamman Shata in ya samu fili da jama'a, ba agogo yake kallo ba. Faifai kuwa agogo kaɗai ya sani. Tsohon faifai mai juyi 78, wanda ake yi da ƙaron da wani ƙwaro ke fitarwa a itatuwan Indiya, minti 3 ne da 'yan kai a kowane gefe. Babban da kamfanin Columbia ya fito da shi a 1948 ya kai abin minti 20 da ɗoriya. Nan ma in ka ce sai ka cusa fiye da haka, sai ka rage ƙarfin sauti, ƙura ta fi mawaƙi murya. Don haka dole wani ya ce a nan za a tsaya. Ka saurari wasu tsofaffin waƙoƙi da kyau. 'Yan amshi na tsaka da amshi, kalangu bai nuna alamar gajiya ba, sai sauti ya fara janyewa a hankali har ya ɓace. Ba mawaƙi ne ya gama ba, fili ne ya ƙare. Shata ya rasu a 1999. Memorin yau na ɗaukar waƙa dubu ba ta yi nishi ba. Amma waƙar na nan tana mutuwa a daidai inda wani ya ja maɓalli ƙasa, kuma a haka muka haddace ta.

Wani injiniya a Amurka, Bob Ludwig, ya taɓa sakin hannu. A 1969 aka ba shi kundi na biyu na mawaƙan Led Zeppelin, ya yanka shi da ƙarfi, kauri ya fito sosai. A na'ura mai tsada abin sai wanda ya ji. A mai araha kuwa allura ta dinga tsalle tana ƙetare layi. Kamfanin ya sa aka sake yanka shi a sanyaye. Yau masu tara faifai na zuba kuɗi suna neman na farkon. A lokacin dai ƙorafi ya jawo. Mai yanka ba don injin ɗakinsa yake aiki ba. Yana yi ne don garmahon da bai taɓa gani ba, wanda batirinsa ya yi sanyi, a zauren da ƙasansa bai daidaita ba, da allurar da ya kamata a ce an canza tun bara. Mutanenmu ma ba su zauna jiran Legas ba. In allura ta fara tsalle sai a ɗora mata kwabo a ka. Tsalle ya tsaya. Allura kuma ta shiga cin tsagar a nitse.

Kada ka ɗauka kewar faifai nake yi. Faifai bai dace da ƙasarmu ba. Hunturu ya cika shi da ƙura, bazara ta lanƙwasa shi. Ka manta shi inda rana ke bugawa, ka dawo ka tarar ya yi doro. Mai juyi 78 kuwa faɗuwa ɗaya ce ajalinsa. Kaset, wanda kamfanin Philips ya fito da shi a 1963, ya fi shi sanin halinmu. Yana shiga aljihu, yana shiga mota, ana ɗaukar wa'azi da shi, in ya tsinke a liƙe a naɗe da biro. Kafin a gama dam ɗin Challawa a 1992, kaset ya riga ya cinye kasuwa. Babu wanda ya yi zaman makoki a Rogo.

Can wajen Turawa ne abin ya farfaɗo. A 2022 an sayar da faifai miliyan 41 a Amurka, CD kuma miliyan 33, karo na farko da faifai ya wuce gaba tun 1987. Suna cewa sautinsa na da ɗumi. To, madalla. Sai dai Neumann ya bar ƙera injin yanka tun shekarun 1980, yawancin waɗanda ke aiki yanzu tsofaffi ne, ana ciro kayan matacce a raya mai sauran numfashi. Masu sana'ar ma ba su da yawa. A Fabrairun 2020 gobara ta cinye masana'antar Apollo, mai yin farantin yanka, a garin Banning na jihar Kalifoniya. Sai a ranar mutane da yawa suka gane cewa wurare biyu ne kacal ke yin farantin yanka na kirki a duniya. Ɗayan yana Japan.

Kafin ka mayar wa mai gyara faifansa, duba filin da ke tsakanin ƙarshen waƙa da takardar tsakiya. Wuri ne sumul, babu sauti. Karkata shi sosai. Za ka ga lambobi, wani lokaci da haruffa biyu ko uku da aka karta da hannu. Nan ne kaɗai mai yanka ke sa hannu, in ma ya sa. Ludwig RL yake rubutawa. George Peckham na Ingila laƙabinsa yake kartawa, Porky. Rubutun ƙanana ne ƙwarai, mutum kan yi shekara talatin da faifai bai san suna nan ba.

Yau in ka miƙa wayarka ga mai turi a tashar Rogo ko ta Ƙaraye, kafin ka gama shan ruwan leda ya zuba maka waƙa ɗari biyu. Wannan ta fito da tsawa, ta bayanta sai ka kanga kunne. Babu wanda ya zauna ya daidaita su, babban yatsanka ne zai yi ta hawa da sauka. A kan wasu kuma wani ya riga ya buga nasa hatimin. Ana tsakiyar amshi sai a danne mawaƙi, wata murya mai amsa-kuwa ta faɗi sunan shago da unguwa. Sannan ta karanto lambar waya sau biyu, a hankali, don ka samu ka rubuta.