Yaron da na zaunar a bencin baya

Shekarar da aka tura ni wani ƙauye a yankin Tasawa, ajin CE1 aka ba ni, yara sun haura saba'in cikin rumfar kara. Tun ina sabon mushe dokata guda ce: gajeru gaba, dogaye baya. Yaron da zan ba ku labarinsa dogo ne, don haka ya faɗa bencin ƙarshe, daidai inda karan rumfar ya zube rana tana shigowa. Zabiya ne. Na gan shi, na ce Allah mai iko, na ci gaba da kiran suna.

Wata uku ina yi masa kallon malalaci. In na cika babban allo da rubutu, kowa ya kwafe, shi sai ya kifa kai bisa tebur ko ya leƙa littafin na kusa da shi. Na hore shi a kan satar amsa. Na sha tsayar da shi a rana saboda bai gama aiki ba, kuma wannan ne ya fi damuna in na tuna. Cikin takardar sakamakonsa na rubuta da jan biki cewa ba ya maida hankali.

Wata rana bayan la'asar na bi ta ƙofar makarantar allo, sai na ji murya tana biya wa ƙanana karatu babu gargada. Shi ne. Ya riƙe allon har yana kusan taɓa hancinsa, ya karkata kai gefe guda. Malamin ya ce mini, "Mushe, ai wannan ya wuce sa'o'insa, sau biyu ake biya masa ya riƙe." Washegari na rubuta sunansa a babban allo, na ce ya taso daga baya yana matsowa har ya iya karantawa. Sai da ya rage taki biyu tsakaninsa da allon.

Daga nan na shiga tambaya da karatu, abin da ya kamata in yi tun Oktoba. Launin fatarmu da gashinmu da ƙwayar idonmu wani sinadari ne ke ba da shi, melanin. Jikin zabiya ba ya yin sa, ko kuma kaɗan yake yi. Abin da yawancinmu malamai ba mu sani ba shi ne ido ma yana buƙatar melanin tun ɗa yana ciki. In babu shi, tsakiyar shimfiɗar da ke bayan ido, wurin da ke tantance ƙananan abubuwa, ba ya gama ginuwa. Shi ya sa idon ke rawa, haske ke kashe shi, rubutun nesa ya zama hazo. Tabarau yana taimakawa, amma ba ya mayar da ganin daidai da na kowa. Ƙwaƙwalwa kuwa babu abin da ya taɓa ta, kuma ba cuta ce da ake ɗauka ta cin abinci tare ko haɗa benci ba.

Na je gidansu don in yi maganar tabarau, sai na tarar da abin da ya fi allo nauyi. Uwarsa ba ta gidan. An sake ta bayan yaye, kakarsa ta wajen uba ke riƙonsa. Uban ya karɓe ni da mutunci, ya sa aka kawo fura, sannan ya ce, "Mushe, mu a danginmu babu wannan. Ita ta san inda ta samo shi." Na sha jin irin wannan magana: wai aljani ne ya shiga tsakani, wai ta fita da tsakar rana da ciki, wai ta ci amanar aure. Kullum uwa ce ke ɗaukar kayan.

Ga yadda na yi masa bayani. Kowane mutum yana gadon ƙwayoyin halitta bibbiyu, ɗaya daga uba, ɗaya daga uwa. Kamar gida ne mai rijiya biyu: in ɗaya ta ƙafe, ɗayar ta ishi gida, baƙo ma ba zai gane ba. Mutum na iya zama baƙi wuluk alhali ɗaya daga cikin ƙwayoyinsa na launi ba ta aiki, kuma ba zai taɓa sani ba. Sai ya auri mai irin wannan, ɗansu ya karɓi ƙafaffiya daga nan, ƙafaffiya daga can, sannan a haifi zabiya. Nau'in da ya fi yawa a Afirka ana kiransa OCA2, kuma da wannan ƙa'ida yake tafiya. Ke nan rabi daga uwa, rabi daga uba.

Na fito da dala biyu daga aljihu, muka yi ta jefawa bisa tabarma. Su faɗi duka a fuska guda da muka zaɓa, wajen sau ɗaya ne cikin huɗu. Haka kowane ciki yake ga irin waɗannan ma'aurata: kashi 25 cikin 100. Kuma ciki ba ya tuna na bayansa. Ana iya haihuwar takwas babu zabiya ko guda, ana iya samun biyu a jere. Na tambaye shi yadda suke da matar. Ƴaƴan wa da ƙane ne. Auren zumunci ba shi ke ƙirƙirar abin ba, amma yana ƙara yiwuwar ƙwayoyi biyu daga kaka guda su haɗu. Ban ce masa komai a kan "danginmu" ba, don shi ma ya ji abin da bakinsa ya faɗa.

Tsohuwar ce ta yi magana daga bakin ɗaki. Ta ce an taɓa yin wani fari a gidan kakansu, manomi, wani gyambo a wuya ya ƙi warkewa har ya tafi da shi yana saurayi. Na ce, "Inna, wannan gyambon nake tsoro." Melanin shi ne garkuwar fata daga rana. Zabiyan da ke noma ko kiwo kai babu hula a ranar Afrilu tamu, fatarsa tana ƙonewa shekara bisa shekara, ta yi kaushi da tabo, daga nan sankarar fata ta samu ƙofa, galibi a fuska, kunne da wuya. Kariyar ba ta fi ƙarfin talaka ba: malafa mai faɗi, riga mai dogon hannu, inuwa daga hantsi zuwa la'asar. Man kariya mai lamba 50 yana da kyau in an samu, sai dai tsada. Duk miki da ya yi makwanni bai warke ba, a nufi likita, kar a tsaya shafe-shafe.

Muna jin labarin Tanzaniya, inda aka kashe zabiyoyi don tsafi, muna cewa Allah ya raba mu. Irin wannan ta'asa na cikin abin da ya sa Majalisar Ɗinkin Duniya ta keɓe musu 13 ga Yuni, tun daga 2015. Amma a nan, rana da bencin baya ma suna cin nasu, a hankali, ba mai kai ƙara.

Na dawo da shi gaba, gefen da babu haske. Na ƙara girman rubutuna, ina faɗin abin da nake rubutawa da ƙarfi, ina miƙa masa takardar darasina ya kwafa a kusa. Na yarda ya zauna da hula cikin aji, na hana a kira shi bature. Tsohuwar ta cire shi daga kiwon rana, ta mayar da shi na yamma. Ƙarshen shekara ya zo na shida. Uban bai taɓa ce mini ya yarda ba, uwar kuma ta riga ta yi wani aure a wani gari. Ban sani ba ko maganar dala biyun ta kai mata.

Bara na haɗu da shi a kasuwar Tasawa, ya fi ni tsawo, yana kwaleji. Bai gane ni ba sai da na yi magana. Ya cire malafar zai gaishe ni, na ce maza ya mayar. Muna tsaye yana ba ni labarin jarrabawa, ni kuwa kunnuwansa da wuyansa nake dubawa.