Labarin Ciki A Tambayi Makewayi

Muna neman afuwar mai karatu tun daga farko, domin batun da muka ɗauko ba irin wanda ake shimfiɗa wa tabarma a zaure ba ne. Shekara da shekaru muna koya wa ɗalibai yadda Bahaushe ya gwanance wajen sakaya zance: ya ce zai kewaya, ko zai kama ruwa, duk don gudun kiran abin da sunansa. Mun daɗe muna yaba wannan kunya a aji, sai bara ta nuna mana ɗaya fuskarta.

Yayanmu, wanda ya riƙe mu bayan rasuwar mahaifinmu, ya yi wata takwas yana ganin jini idan ya kewaya, amma bai faɗa wa kowa ba sai mai maganin basir na bakin tasha. Ya sha jiƙo, ya sha tsimi, har riga ta yi masa yawa. Da muka kawo shi asibiti a nan kudu, likita ya ce ciwon daji ne na babban hanji, kuma ya riga ya kai hanta. Ya tambaye mu yaushe bahayarsa ta fara sauyawa, ba wanda ya iya amsawa, har uwargidansa. Bayan Babbar Salla ya cika. Allah ya jiƙansa.

Daga nan muka koma ɗalibta. Ashe daga sau 3 a rana zuwa sau 3 a mako duk lafiya ce, muddin haka mutum ya saba. Abin lura shi ne sauyin da ya ɗauki makonni bai wuce ba. Baƙar bahaya mai kama da kwalta tana iya nuna zubar jini a tumbi, ko da yake ƙwayar ƙarin jini ma kan baƙanta ta. Mai fari-fari, tare da shawara, alama ce ta toshewar hanyar matsarmama. Mai kama da ruwan wankin shinkafa kuwa, kwalara ake zargi, sai a yi maza da ruwan gishiri da sukari a nufi asibiti. A 1997 ma likitocin birnin Biristol na Ingila sun fitar da ma'aunin da ya kasa ta kashi 7, daga mai tauri kamar kashin awaki zuwa tsararo.

Da muka juyo kan kanmu, sai muka ga ashe mu ma ba mu tsira ba. Tun zuwanmu kudu, kalacinmu shayi da burodi, rana farar shinkafa, dare taliya, ga zaman kujera wuni guda ana duba takardun jarrabawa. Ina maƙarƙashiya za ta bar mu? Tun wajejen 1970 likita Denis Burkitt, wanda ya yi aiki a Yuganda, ya lura cewa mutanen karkarar Afirka masu cin hatsi da dusarsa ba su cika fama da cututtukan hanji irin na Turawa ba. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce baligi na bukatar aƙalla giram 25 na harzar abinci a kullum. Wannan kuwa ba sai an je nesa ba: wake, zogale, rama, kuka, kuɓewa, da lalo, wanda maƙwabtanmu Yarbawa ke kira ewedu, sannan a sha ruwa isasshe. Wato abin da muka raina a akushin iyayenmu, shi ne magani.

Jama'a, ba kowane jini ne basir ba. Wanda ya gani, ko ya ga yana ramewa babu dalili, ya tafi ga likita ya faɗi abin da sunansa. Mu dai yanzu, kafin mu kora ruwa mukan duba, kuma idan mun kai darasin sakaya zance, mukan ba ɗalibai labarin yayanmu. Allah ya ba mu lafiya mai amfani, amin.