Sandar Gwani Ba Ta Mai Da Ɗan Koyo Gwani

Tun 1916 da aka keɓe wa Hausawa unguwar Sabo a Badun, an fi saninmu da fataucin goro da na shanu. Amma akwai wata sana'a da ta daɗe a unguwar ba a cika ambatonta ba, watau ɗaukar jakar masu wasan ƙwallon lambu, wanda Turawa ke kira golf. Filin wasan yana Onireke, tafiyar ƙafa ce daga Sabo, saboda haka yaranmu da yawa sun tashi suna saɓa jaka a kafaɗa suna bin manya rami rami. Ni ma ina cikinsu a zamanin ƙuruciya, a can kuwa na koyi abin da zan faɗa.

Dokar wasa ta hana mutum shiga fili da sanda fiye da 14. Mafi yawansu masu kan ƙarfe ne, kowace da lambarta, galibi daga 3 zuwa 9, sa'an nan ga waɗansu gajeru na fid da ƙwallo daga yashi. Mai ƙaramar lamba doguwa ce, fuskarta a miƙe, tana kai ƙwallo nesa amma tana da wuyar sarrafawa. Mai babbar lamba kuwa gajera ce, fuskarta a kwance, tana cilla ƙwallo sama ya sauka kusa. Tsakanin lamba da mai bi mata akwai ratar kamar yadi 10 zuwa 15.

To, ga inda gizo ke saƙar. Ƙirar kan sandar iri biyu ce. Akwai mai siririn kai, shafaffiyar ƙeya, wadda gwanaye ke so domin tana ba su ikon lanƙwasa ƙwallo yadda suka ga dama. Sai dai ba ta da afuwa: in ƙwallo bai sami tsakiyar fuskarta ba, ya ɓace a ciyawa, hannu kuma ya yi tsami. Akwai kuma mai kwarmin ƙeya, wadda wani injiniya a Amurka, Karsten Solheim, mai kamfanin Ping, ya yayata tun daga shekarun 1960. Dabararsa ita ce a rarake bayan ƙarfen a mai da nauyin gefe gefe, ta yadda ko bugu ya kauce kaɗan, kan ba zai murɗe ba, ƙwallo ya tafi kusa da inda aka nufa. Lalle wannan ita ce ta ɗan koyo, da ma duk wanda ba ya samun fili sai ran Asabar.

Abin da ke damuna shi ne, na sha ganin saurayi ya shekara biyu yana tara ladan ɗaukar jaka, ran da kuɗi suka cika sai ya je gwanjo ya kwaso masu siririn kai, don kawai irinsu ya gani a hannun maigidansa. Bayan wata uku wasa ya gagara, ya sayar da su da hasara, ya ce ai ƙwallon lambu ba na talaka ba ne. Haka muke rasa yara masu hannu, alhali kuwa laifin na zaɓe ne. Kwaɗayi mabuɗin wahala.

Shawarata ga ƙannenmu, su fara da mai kwarmin ƙeya mai faɗin gindi, don ba ta cika nitsewa a ƙasa ba. Kada su ɓata kuɗi kan lamba 3 da 4. Daga 5 ko 6 zuwa 9 sun isa. Su duba ƙota: ta ƙarfe tana da nauyi, ta dace da mai ƙarfin bugu, ta girafait kuwa sakayau ce, ta fi kyau ga dattijo da yaro da mace. Ƙota mai tauri a hannun mai sanyin bugu ba ta ɗaga ƙwallo. Su kuma auna tsawon sanda da tsayinsu. Uwa uba, kada a yi cinikin biri a sama. A ari lamba 7, a buga ƙwallo ashirin da ita, a nemi mai koyarwa na fili ya tsaya ya gani kafin a zare ko kwabo.

Wanda ke ɗokin kayan gwanaye ya tuna da Vijay Singh, mutumin tsibirin Fiji, wanda ya ci gasar Nijeriya a 1988 da 1989, ya zo ya zama na ɗaya a duniya a 2004. Abin da aka fi shaidarsa da shi shi ne yawan atisaye, ya wuni yana bugu har rana ta faɗi. Hannu ne ke girma ya kai ga sanda. Ran da yaro ya ga goma cikin goma suna fita daga tsakiyar fuskar ƙarfe, to, ya isa ya nemi mai siririn kai, mu kuma mu taya shi murna. Kafin nan, sannu ba ta hana zuwa. Allah ya sa yaran Sabo su ji.