Kan Sarki Daga Tsakiyar Teku

Bahaushe ya kira shi kan sarki ne saboda kan sarkin Ingila ya fara gani a jikinsa. Mu da muke tara na tsibiran Tekun Fasifik kuwa, kifi da kwalekwale da bishiyar kwakwa muka fi gani. A cikinsu ma na bukukuwa kawai muke bi: Kirsimeti, sabuwar shekara da ranar samun 'yancin kai. Abokai kan tambaye mu, me ya haɗa kifi da kaska? Mukan ce su duba kalanda. Tuvalu ta samu 'yanci ranar 1 ga Oktoban 1978, don haka duk ranar da Najeriya ke hutun 'yanci, mutane wajen dubu 11 a can ƙarshen duniya su ma bikinsu suke yi.

Wanda ke rubuta manhajar kwamfuta ya san babu abin da ke rikita lissafi kamar kwanan wata, kuma waɗannan ƙasashe sun fi kowa taɓa shi. A farkon 1995 Kiribati ta matsar da layin da ke raba yau da gobe domin tsibiranta su zama a rana ɗaya. Tun daga nan tsibirin Kiritimati ke cikin wuraren farko da ke shiga sabuwar shekara. Sunan ma "Kirismas" ake karanta shi, domin a jajibirin Kirsimetin 1777 James Cook ya isa wurin. Samoa kuma ta tsallake Juma'a sukutum: mutane sun kwanta Alhamis 29 ga Disamban 2011, suka tashi Asabar 31. Duk wanda ya nuna mana ambulan mai hatimin Apia na 30 ga wannan wata, mun san jabu ya riƙo.

Sai dai da yawa daga cikin waɗannan kan sarki ba don wasiƙar mutanen tsibiri aka buga su ba, don aljihunmu aka buga. Tonga ta fitar da masu siffar tsabar kuɗi a 1963, ta biyo da masu siffar ayaba a 1969. Na Kirsimetin Tsibiran Cook sun sha ɗaukar zanen tsofaffin masu zane na Turai. A shekarun 1980 an cika kasuwa da kan sarkin Tuvalu masu hoton jiragen ƙasa, alhali babu layin dogo a ƙasar. Ba mu ganin laifinsu. Ƙasar da ba ta da ma'adinai sai ta sayar da abin da take da shi, kuma sunanta ne hajarta. Daga baya ma Tuvalu ta ba da hayar .tv, adireshinta na intanet, tana karɓar kuɗi.

Wannan ne ya sa muka fi son wanda ya yi tafiya a kan sabo fil. Kan sarki mai hatimi, manne a ambulan da ta sha hannu, ya fi mana wanda daga maɗaba'a sai kantin dillali. A Niuafo'ou na Tonga, inda jirgin ruwa ba ya samun wurin tsayawa, a dā cikin gwangwani ake rufe wasiƙu a jefa teku, masu ninƙaya su ɗauko. Irin wannan wahalar muke nema a jikin takarda.

Yanzu kuma teku na tasowa. Babu inda ya kai mita 5 a tudu a duk Tuvalu. A 2021 ministan harkokin wajenta na lokacin, Simon Kofe, ya yi wa taron sauyin yanayi jawabi yana tsaye cikin ruwa har gwiwa. A 2022 ya sanar da shirin kwafe ƙasar zuwa duniyar intanet. A 2023 aka ƙulla yarjejeniya da Ostareliya da za ta bai wa 'yan Tuvalu 280 damar ƙaura kowace shekara.

Mu da muke cin abinci da kwamfuta, wannan shiri na ba mu tausayi da tsoro. Mun ga shafukan da suka ɓace saboda an daina biyan kuɗin ajiya, mun ga fayilolin da babu manhajar da ke buɗe su bayan shekara 20. Hoton ƙasa a kwamfuta zai nuna fasalinta. Hatimin Funafuti kuwa shaida ne cewa a rana kaza wani ya taka zuwa gidan waya, ya biya kuɗi, ya aika wa ɗan'uwansa gaisuwar biki.

Shi ya sa duk ƙarshen shekara mukan aika ambulan da adireshinmu a jiki, mu roƙi ma'aikatan gidan wayar can su manna kan sarkin bikin bana, su buga hatimi, su dawo mana da ita. Saboda nisa takan yi watanni a hanya. Idan ta iso, mukan rubuta ranar da ta baro can da ranar da ta zo, mu ajiye ta inda laima da gara ba za su kai ba.