Zaman Baƙo A Birnin Jenowa

Masu iya magana sun ce baƙo makaho ne ko da yana da ido. Mun daɗe muna jin wannan karin magana, amma ba mu tabbatar da ita ba sai da muka sauka Jenowa, watau babbar tashar jiragen ruwa ta ƙasar Italiya, a bakin Bahar Rum. To, 'yan makaranta, ga kaɗan daga abin da muka gani, ko wata rana wani cikinku zai bi sawunmu.

Shi dai garin nan a matse yake tsakanin duwatsu da teku, saboda haka mutanensa suka yi ta ɗora bene bisa bene. Lungunan tsohon gari, waɗanda suke kira caruggi, akwai waɗansu in ka buɗe hannuwa sai ka taɓa bangon dama da na hagu. Ran da muka fara fita, sau uku muna ɓacewa. Wani dattijo ne ya koya mana dabara, ya ce in mun ruɗe mu bi gangara, ƙarshenta teku ne. A bakin tekun kuwa ga hasumiyar fitila mai suna Lanterna, wadda aka sake ginawa a 1543, tsawonta mita 77, har yau tana nuna wa jirage hanya da dare.

Dokokin gari ba su san baƙo ba. Wanda ya zo zama, wajibi ne ya nemi takardar izini cikin kwanakin aiki 8 da isowarsa. Tikitin takarda na motar haya kuma ba ya aiki sai an buga masa hatimi a wata 'yar na'ura. Mu ba mu sani ba, muka riƙe namu fari tas, aka ci mu tara, ba wanda ya saurari uzurinmu.

Abinci bai ba mu wuya ba. Da safe sukan ci wata gurasa mai man zaitun da gishiri, focaccia, har su tsoma ta cikin kofi mai madara. Wanda ba ya cin alade ya tambaya tukuna, gama waɗansu masu gashi sukan sa kitsensa. Miyarsu da ta shahara, pesto, ɗanyen ganyen ɗoɗɗoya ne ake kirɓawa a turmi da tafarnuwa da cuku da man zaitun.

Abin da ya fi damunmu shi ne gaisuwa. Mu da muka saba tambayar kwana da gajiya da iyali, sai ga maƙwabci ya jefo mana kalma ɗaya, buongiorno, ya wuce. Muka ce lalle mutanen nan ba su son baƙi. Sauran mutanen Italiya ma suna yi musu ba'ar rowa, ga su da riƙon lissafi tun dā, don a 1407 suka kafa bankin San Giorgio, ɗaya daga cikin bankunan farko a Turai.

Ashe mun yi saurin yanke hukunci. Akwai wata tsohuwa a ƙasan benenmu, wata uku ba ta ƙara mana ko harafi bisa kalmar nan ba. Da hunturu ya shiga, ɗayanmu ya kwanta zazzaɓi, kwana biyu ba ta ji takunsa a matakala ba. Ran na uku sai ga ta da tukunyar romon ganye da zafinta, ta ajiye, ta kuma nuna mana yadda ake neman likita. Muka yi ta godiya, ta ɗaga hannu ta ce mu bari, ai ƙanen kakanta ma baƙo ya zama a Ajantina, wani ne ya ba shi romo.

Nan idonmu ya buɗe. Ashe garin matafiya ne. A nan aka haifi Kolombus a 1451, daga tashar nan kuma talakawan Italiya masu ɗimbin yawa suka shiga jirgi zuwa ƙasashen Amurka neman abinci. Sun san ɗacin baƙunci sarai, sai dai ba su shimfiɗa fuska da wuri, sai sun ga kamun ludayinka: ko kana cika alkawari, ko kana biyan haya kan lokaci, ko kana ƙoƙarin koyon harshensu. Tun da muka fara haɗa 'yan kalmomi, ko da a karkace, mai gurasa ya fara tambayar sunayenmu.

To, 'yan makaranta, kada ku raina darasin harshe, kada kuma ku auna mutanen wata ƙasa da mudun gidanku. In kun sauka inda ba a san asalinku ba, halinku kaɗai ne zai shaide ku. Allah ya sa mu dace, amin.