Sanhon Da Na Sayo A Hanyar Ajingi

Ta'aziyya ce ta kai ni Gaya a ƙarshen kakar da ta wuce. Wanda ya taso daga Kano, in ya ƙetare gadar Wudil ya miƙe gabas kan hanyar Dutse, abin da zai riƙa gani dama da hagu shi ne gonakin da aka girbe, da goruba tsaye jefi-jefi, da kuma baƙar leda maƙale a jikin kowace ƙaya. Gaya tsohon gari ne. A tarihin da ake bayarwa, daga nan maƙeran farko suka tashi neman tama har suka sauka a Dala, shi ya sa ake kiran zuriyarsu Abagayawa. Garin da aka san shi da aikin hannu tun kafin a gina ganuwar Kano ke nan.

Bayan mun yi addu'a, wani ɗan'uwa ya ja ni zuwa ƙauyensu a hanyar Ajingi. A can na tarar da wani dattijo a gindin darbejiya, damin kaba a gefensa, da ƙwarya da ruwa. Na zauna muna gaisawa, hannunsa bai tsaya ba. Aikin ya fi yadda ido ke ɗaukarsa. Sai an yanko kabar, an shanya ta, an tsaga ta sili-sili, sannan a yayyafa mata ruwa don kada ta karye. Daga nan a saƙa doguwar saƙa mai faɗin tafin hannu, a naɗe ta zagaye ana ɗinke baki da baki, har gindi ya zauna, ciki ya taso. In ana son ado, sai a rina wasu silin da galura. Abin da ya fito shi ne sanho, jakar da kakanninmu suke zuwa cefane da ita, mahauta da masunta suke zuba kayansu.

Da ba sanho kaɗai ba ne. Mangalar da jaki ke kai taki gona da ita saƙa ce, yanzu da tsohon buhu ake ɗinka ta. Lefe ma, wanda samarinmu ke kuka da tsadarsa, asalinsa sunan kwandon kaba ne da ake zuba wa amarya kaya a ciki. Sunan ya tsira, akwatuna sun cinye kwandon.

Na tambayi kuɗin sanho ɗaya. Da ya faɗa, sai na ji kunya, domin bai kai abin da na biya ɗan acaɓa daga tasha ba. Kuma, Allah ya yafe mini, sai da bakina ya so ya taya.

A taruka irin namu na jami'a, mun iya zagin leda. Mukan kawo misalin Ruwanda da ta haramta ta a 2008, da Kenya da ta bi sahu a 2017, mu ambaci magudanun Kano da ke toshewa kowace damina, da awakin da ake yankawa a tarar da leda cunkushe a tumbinsu. Duk gaskiya ne. Sai mu rufe da cewa a koma wa jakar gargajiya, a tafa, a watse. Abin da ba mu tambaya shi ne wa zai saƙa ta, kuma a kan nawa. Mai tumatir kyauta yake ba ka leda. Sanho kuwa yinin mutum ne. Duk saurayin da ya auna wannan da abin da zai samu a kan babur, ba za a ce ya yi wauta ba, kuma 'ya'yan dattijon nan sun riga sun auna.

Akwai abu na biyu, wanda shi ya nuna mini. Na ce, "Baba, ina kuke samo kabar?" Ya ɗaga hannu ya nuna bayan gari, ya ce da can ake yanka, yanzu duk an nome. Kaba dai goruba ce tana ƙarama. In aka dame ta da yanka ba hutu, tana nan a durƙushe, ba za ta zama bishiya ba. Manyan kuma ana sare su don azara. Ke nan ko da gobe Kano ta waye gari tana son sanho, sai an fara da barin kaba ta huta a gefen gona da burtali. Wannan magana ce ta masu unguwanni da dagatai da masarautar Gaya, wadda Ajingi ke ƙarƙashinta, kafin ta zama ta masu shagon kayan ado a birni.

Na sayi biyu a yadda ya faɗa. Ɗaya na ba uwargida, ta rataye shi a bangon falo wai ya yi kyau. Ɗayan nake zuwa 'Yankaba da shi ranar Asabar, inda mai kayan miya yakan ɗaure mini tattasai a leda tukuna, sannan ya jefa a ciki.