Zanen da ya zama shaidar gado

A shekarar 1997, ƴan asalin hamadar Great Sandy ta yammacin Ostiraliya, maza da mata, suka shimfiɗa ƙyalle mai tsawon mita 10 da faɗin mita 8, suka zana rijiyoyin kakanninsu. Kowa ya zana ruwan da ya gada. Da wakilan hukumar filaye suka zo, sai dattawa suka riƙa tsayawa bisa nasu yankin na zanen, suna ba da shaida da harshensu. A 2007 kotu ta tabbatar musu da ƙasar.

Ni mai koyar da rubutu, wannan zane na Ngurrara ya tsaya mini a rai. Sau nawa muke kiran dattijo jahili, alhali takardar gadonsa tana cikin kansa?